Majalisar Masu Tambari ta Ingila

Majalisar Masu Tambari, wadda sunanta a hukumance shi ne College of Arms, ƙungiya ce ta masu shelar sarauta da ke birnin Landan. Ita ke ba mutane da garuruwa da ƙungiyoyi tambarin garkuwa a Ingila da Wales da Ireland ta Arewa da wasu ƙasashen Kwamanwels, kuma a hannunta kundin tambura da na salsalar gidaje suke. Sikotland ba ta ƙarƙashinta, tana da nata jami'in mai suna Lord Lyon.

Asali

A wajejen tsakiyar ƙarni na 12 barade a Yammacin Turai suka fara zana alamu a garkuwarsu, alamun da ɗa ke gada daga uba. Masu shela kuwa tun farko barori ne a wurin wasan sukuwa da mashi: su sanar da ranar wasa, su kira sunan barden da ya shigo fili, su ƙirga bugu. Tunda kwalkwali na rufe fuska, ta garkuwa ake gane mutum, sai ya zama dole mai shela ya haddace alamar kowa. Daga nan suka soma rubuta jerin tambura a naɗaɗɗun fatu, sarakuna kuma suka riƙa aiken su kai saƙo tsakanin runduna da runduna.

Rigimar Scrope da Grosvenor ta nuna nauyin da abin ya yi. A 1385, lokacin da Richard II ya kai yaƙi Sikotland, aka tarar barade biyu na ɗauke da garkuwa iri ɗaya, shuɗiya da zanen zinariya a karkace. An saurari ɗaruruwan shaidu, sai a 1390 sarki ya yanke hukuncin ƙarshe ya bar wa Scrope. Grosvenor ya koma ga damin alkama na zinariya a kan shuɗi.

Henry V ya ƙirƙiro muƙamin Garter, babban sarkin tambari, a wajen 1415, William Bruges ne ya fara riƙe shi. Ana yawan ambaton wani zama da masu shelar suka yi a Rouen a 1420 a matsayin taronsu na farko da aka sani.

Kafuwa da mazauni

A watan Maris na 1484 Richard III ya ba su takardar zama ƙungiya guda, ya haɗa musu da wani gida mai suna Coldharbour a bakin kogin Thames. Ba su daɗe a ciki ba. An kashe Richard a yaƙin Bosworth a 1485, Henry VII ya karɓe gidan ya ba mahaifiyarsa, Margaret Beaufort. Shekara saba'in suka yi ba mazauni, kowa na ajiye littattafansa a gidansa, abin da ya sa wasu kundaye suka bi magada maimakon su bi muƙami.

A 1555 Sarauniya Mary I ta sake ba su takarda tare da gidan Derby, kusa da majami'ar St Paul. Babbar gobarar Landan ta 1666 ta cinye gidan, amma an kwashe kundayen kafin wuta ta iso. An fara sake gini a shekarun 1670 a wannan fili, kuma shi ne ginin jan bulo da ke titin Queen Victoria har yau, sai dai an yanke ɓangarensa na kudu lokacin da aka fitar da titin a ƙarni na 19.

Rangadin tantancewa

Wannan ne zamanin da majalisar ta fi ƙarfi. Daga 1530, lokacin da Henry VIII ya ba Thomas Benolt izini, zuwa ƙarshen shekarun 1680, sarakunan tambari ko wakilansu sun riƙa zagaya lardunan Ingila. Kogin Trent ne iyaka: kudu na sarkin tambari mai muƙamin Clarenceux, arewa na mai muƙamin Norroy.

Kafin su iso ana aika wa hukumar lardi ta tara sunan duk mai kiran kansa ɗan babban gida. A sa rana, galibi a wani masauki a babban garin yanki. Kowa ya zo da hujjarsa, wato tsohon hatimi, takardun fili, ko takardar da aka ba kakansa tambarin. Mai shela ya zana tambarin da tawada, ya sa haruffa a maimakon launi, ya rubuta salsala, maigida ya sa hannu ya biya kuɗin rajista. Wanda ya kasa kawo hujja sai ya sa hannu cewa ya janye, a karanta sunansa a bainar jama'a a kasuwa. Suna da ikon kankare tambarin ƙarya a duk inda suka gan shi, ko a kabari ne ko a taga ko a kwanon azurfa.

Aikin bai rasa tangarɗa ba. Da yawa sukan ƙi zuwa don gudun biyan kuɗi. Salsalar da maigida ya faɗa da bakinsa, ta uba da kaka, yawanci abin dogaro ce, amma wadda aka ja har zuwa zuwan Normawa a 1066 sau da yawa ƙawa ce kawai. Duk da haka, littattafan rangadin na cikin manyan madogaran masu binciken salsala a Ingila.

Rikicin cikin gida

Da kuɗin masu neman tambari jami'an ke rayuwa, don haka gaba ba ta ƙarewa a tsakaninsu. A 1602 Ralph Brooke, mai shelar York, ya zargi Garter William Dethick da ba mutanen da ba su cancanta ba tambari, ciki har da wanda aka ba John Shakespeare, mahaifin marubuci William Shakespeare, a 1596. A 1616 Brooke ya ɗana wa magajin Dethick, William Segar, tarko har ya tabbatar da tambari ga Gregory Brandon, haunin birnin Landan. James I ya sa aka tsare Brooke da Segar.

Muƙamai

Jami'ai 13 ne. Sarakunan tambari uku: Garter, Clarenceux, da Norroy wanda aka haɗa shi da muƙamin Ulster a 1943. Masu shela shida: Chester, Lancaster, Richmond, Somerset, Windsor da York. Mataimaka huɗu: Bluemantle, Portcullis, Rouge Croix da Rouge Dragon. Mai kula da su duka shi ne Earl Marshal, muƙamin da gidan Duke na Norfolk ke gada tun 1672. Albashin da fada ke biyan su na al'ada ne kawai: fam 49.07 a shekara ga Garter, fam 13.95 ga mataimaki.

Ƙa'idar zane

A zanen tambari ƙarfe biyu ne, zinariya da azurfa, waɗanda ake zanawa da rawaya da fari. Manyan launuka biyar ne: ja, shuɗi, kore, baƙi da shunayya. Ba a ɗora ƙarfe a kan ƙarfe ko launi a kan launi, domin jan zaki a kan baƙar garkuwa ba ya ganuwa daga nesa. Bayanin tambari a rubuce shi ne abin dogaro, mai zane na da 'yancin salonsa muddin bai saɓa wa rubutun ba. Kafin a ba da sabon tambari ana duba kundi don kada ya yi karo da na wani, sannan a rubuta takardar a fata, a zana da hannu, sarakunan tambari su rataya hatiminsu.

A yau

Kotun da ke shari'ar tambura ta yi zamanta na ƙarshe a 1954, kan ƙarar da hukumar birnin Manchester ta kai wani gidan wasa da ke amfani da tambarinta. Kanada ta kafa tata hukumar tambari a 1988. Jami'an na sa rigunansu masu tambarin sarauta a buɗe majalisar dokoki da bikin ƙungiyar baraden Garter a Windsor, kuma Garter David White ne ya karanta shelar hawan Charles III a fadar St James ranar 10 ga Satumba, 2022.