Yaro ya ƙi cin abinci, kada a fara da siron bitamin

Salamu alaikum jama'ar Tahoua, musamman iyaye mata da masu gida. Maganar da muka fi ji a wajen awo ita ce "likita a rubuta mini bitamin, yaron nan ba ya cin komi", wasu ma ba su zuwa CSI ɗin, wato cibiyar lafiya, a tasha ko kasuwa za su tsaya wajen mai tallan magani su sayi siro, wai na buɗe ciki.

Bitamin ba abinci ba ne kuma ba ya ƙosarwa. Kamar baƙin mai yake a moto, isansi ne ke tafiyar da ita amma in babu baƙin mai inji ya lalace. Kaɗan jiki ke so, sai dai kullum, kuma daga tukunya ya kamata ya fito. Bitamin C da mafi yawan dangin B ruwa ke narkar da su, abin da ya yi yawa sai ya bi fitsari, shi ya sa za ki ga fitsarin ya yi rawaya shar bayan an sha, kuɗinki ne ke zuba. Su kuwa A, D, E da K sai da maiƙo hanji ke iya ɗaukarsu, jiki kuma yana ajiye su, bitamin A a hanta yake zama, don haka yawansa ma illa ne, mai ciki kada ta kuskura ta sha kafson bitamin A na yara.

To me ke sa mutum jin yunwa? Ciki in ya zama wayam yana sakin wani sinadari mai suna girelin ya tafi ƙwaƙwalwa ya ce a ci, kitsen jiki kuma yana aika nasa, leptin, mai cewa akwai ajiya. Da cuta ta shiga sai wannan saƙon ya rikice. Zazzabin cizon sauro na kashe baki, tsutsar ciki haka, zawo haka, gyambon baki haka, sannan ƙarancin jini da ƙarancin zinki su ma suna hana cin abinci, kuma nan ne matsalar take don yaron bai ci ba saboda rashi, rashin kuma na ƙaruwa saboda bai ci ba. Siro ba ya kashe tsutsa, ba ya maganin zazzabi.

Abin da ya fi damuna shi ne yawancin magungunan buɗe cikin nan ba bitamin ke aiki a cikinsu ba, siproheptadin ne, maganin ƙaiƙayi da atishawa mai sa barci, yaro ya yini yana layi uwa ta ce ya samu sauƙi. Su kuma 'yan mata masu shan sha-ka-fashe don su yi jiki kafin biki, sau da yawa deksametazon ne, fuska ta kumbura a ce ta yi kyau, alhali yana ɗaga suga da hawan jini yana kuma raunana garkuwar jiki. Don Allah ku bari.

Ku lura da alamu. Yaron da ke tuntuɓe da magariba yana lalube, dundumi ne, bitamin A ya yi ƙasa, in aka yi sakaci ido na iya lalacewa, balle in ƙyanda ta same shi. Tafin hannu da cikin ido su yi fari, gajiya, mai ciki na kwaɗayin farar ƙasa, a je a auna jini. Tsagewar gefen baki kuma sau da yawa ƙarancin dangin B ne ko na ƙarfen jini, wato sinadarin ƙarfe da jiki ke gina jini da shi.

Kafson bitamin A kyauta ne, shuɗi na ɗan wata 6 zuwa 11, ja na ɗan wata 12 zuwa 59, duk wata 6 sau ɗaya. In yaro na zawo a haɗa ruwan gishiri da suga da ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14, ko da zawon ya tsaya a ƙarasa.

A gida kuwa hura da tuwon hatsi zalla ba su isa ba, na san daga Yuni zuwa Satumba rumbu ya yi ƙasa kuma ba kowa ke da kuɗin nama ba, amma lokacin ne ganye ke fitowa. Zogala, tafasa, rama, kuka, a saka ƙuli-ƙuli ko ɗan man gujiya don bitamin A ya shiga jiki, kuma kada a dafa ganyen har ya mutu. Wake, kabushi, karoti, mangwaro a lokacinsa, ƙwai, ɗan yankin hanta ko sau ɗaya ne a sati. A matsa lemun tsami ko a yanka tomati a kan wake, yana taimaka wa ƙarfen jini ya shiga. Shayi kuwa hana shi yake, maigida in ka kafa butarka bayan abinci kada ka miƙa wa yaro ko mai ciki kofi, su jira ko awa ɗaya.

Yaro marar lafiya a ba shi kaɗan-kaɗan sau da yawa, a kwanonsa shi kaɗai, uwa ta zauna ta lallashe shi ba ɗura ba, nono kuma kada a yanke. In igiyar awon damtse ta nuna ja, wato ƙasa da milimita 115, ko ƙafafu biyu sun kumbura, ko ya ƙi nono da ruwa gaba ɗaya, a kawo shi CSI ranar nan. Za mu gwada shi da biskit ɗin tamowa, in ya ci ya koma gida da rabonsa, in ya kasa ci sai mu tura shi CRENI, sashen masu tamowa mai tsanani a asibiti, a kwantar da shi.