Aikin Koyar da Harshe a Ƙasashen Waje

Aikin koyar da harshe a ƙasashen waje sana'a ce da malami ke barin ƙasarsa domin koyar da harshen da ya ƙware a kai, a makarantun gwamnati, ko cibiyoyin harshe masu zaman kansu, ko jami'o'i. Turanci ne ya fi kowane harshe kasuwa a wannan fage, amma Faransanci da Larabci da Sinanci su ma suna da masu nema. Hausa ma ba a bar ta a baya ba, domin ana koyar da ita a Jami'ar Nazarin Harsunan Waje ta Beijin, da jami'o'in Hambug a Jamus da Waso a Poland, da cibiyar INALCO ta Faris, kuma shirin Fulbright FLTA na Amurka yana ɗaukar matasan malamai daga Nijeriya su taimaka wajen koyar da Hausa a jami'o'in can na tsawon shekarar karatu guda.

Kafin a kai ga maganar albashi, akwai shingen takardu. Yawancin masu ɗaukar aiki suna neman digirin farko da takardar shaidar koyarwa, kuma wadda ta fi karɓuwa a Turanci ita ce CELTA ta Jami'ar Kambirij, wadda ke ɗauke da horo na kusan awa 120 har da koyar da ɗalibai a gaban mai duba aiki. Sai dai fasfo yakan rinjayi ƙwarewa a wasu wuraren: Koriya ta Kudu tana ba da bizar E-2 ta koyar da Turanci galibi ga 'yan ƙasashe bakwai ne kawai, wato Amurka, Kanada, Birtaniya, Ayalan, Ostareliya, Niyu Zilan da Afirka ta Kudu. Malamin da ya yi karatunsa tun daga firamare har jami'a da Turanci a Kano ko Akara ba ya cikin wannan lissafi, kuma wannan rashin adalci ne da ya kamata mai nema ya sani tun kafin ya kashe kuɗinsa.

Masu ɗaukar aiki sun sha bamban ƙwarai. Shirye-shiryen gwamnati, irin su JET na Japan da aka fara a 1987 da EPIK na Koriya ta Kudu da aka fara a 1995, sun fi tsari: albashi sananne ne, kwantiragin shekara guda ne da ake iya sabuntawa, a JET har zuwa shekara biyar, amma malami ba shi da cikakken iko kan garin da za a tura shi, yana iya samun kansa a ƙauye mai nisa. Cibiyoyin harshe masu zaman kansu, waɗanda ake kira eikaiwa a Japan da hagwon a Koriya, suna ɗaukar ma'aikata a kowane lokaci na shekara, sai dai galibi aikinsu na yamma ne zuwa dare, kuma rayuwarsu ta rataya ne ga kasuwa. Lokacin da kamfanin Nova, wanda a lokacin ya fi kowace cibiyar eikaiwa girma a Japan, ya durƙushe a watan Oktoban 2007, dubban malamai baƙi sun rasa albashin da suke bi, wasu kuma aka kore su daga gidajen da kamfanin ya kama musu haya. Haka nan dokar da Sin ta kafa a watan Yulin 2021, wadda ta hana cin riba da darussan bayan makaranta a manyan fannonin karatu, ta rufe ƙofofi masu yawa cikin 'yan watanni.

Wajen auna ma'aikatu biyu, adadin albashin da aka rubuta a talla shi ne mafi ƙarancin abin dogaro. Tambayar farko ita ce sunan wa ke kan kwantiragin a matsayin mai ɗaukar aiki, domin a Japan akwai kamfanonin da ke ɗaukar malami su tura shi makarantar gwamnati, ya yi aiki iri ɗaya da na ɗan JET, amma a kan kuɗi ƙasa da nasa, wani lokaci ma a rage masa albashi a watannin hutu. Sai a duba ko awannin da aka ambata na cikin aji ne kawai, ko sun haɗa da shirya darasi da duba littattafan ɗalibai, domin awa 25 a aji takan cinye mako ɗungurungum. Masauki, kuɗin jirgi, inshorar lafiya da haraji duk suna sauya lissafi. A Koriya, alal misali, doka ta tanadi kuɗin sallama kwatankwacin albashin wata guda ga wanda ya cika shekara, shi ya sa ake samun ƙorafin cewa wasu cibiyoyi suna sallamar malami a wata na goma sha ɗaya.

Biza ita ce igiyar da ke ɗaure malami. A ƙasashen yankin Gulf, inda tsarin kafala ya daɗe yana haɗa izinin zama da sunan ubangida, sauya wurin aiki yana da wuya, ko da yake wasu ƙasashen sun sassauta dokar. Dillalin da ya nemi kuɗi kafin a ga kwantiragi, ko makarantar da ta ce a shigo da bizar yawon buɗe ido a gyara takardu daga baya, ko wadda ta ƙi haɗa mai nema da malamin da ke aiki a wurin a halin yanzu, duk ƙwararrun malamai kan janye daga gare su tun a matakin farko.