Yawon Babur na Kwalta da Daji a Ƙasashe Masu Zafi

Yawon babur na kwalta da daji doguwar tafiya ce da ake yi a kan babur ɗin da aka ƙera don ya bi titi, ya kuma sauka ya bi burji, turba, yashi da taɓo ba tare da an sauya masa komai ba. Da Turanci ana kiran irin wannan babur dual-sport. Yana da lamba, fitila, madubi da sigina kamar na cikin gari, don haka doka ta yarda ya hau titi, amma ƙirar jikinsa ta daji ce. A yankin duniya mai zafi, wato daga kusan digiri 23 da rabi arewa da layin da ya raba duniya biyu zuwa digiri 23 da rabi kudu da shi, wannan yawo yana da nasa hali. A nan ruwan sama ne ke da ta cewa fiye da ƙarfin injin, domin hanyar da aka bi cikin awa uku da rani tana iya cin kwana biyu da damina.

Asali

Tun farkon ƙarni na 20, lokacin da yawancin hanyoyin duniya ba su da kwalta, kowane babur ɗan daji ne dole. Da tituna suka yawaita sai babura suka rabu gida biyu, na titi da na tseren daji. Kamfanin Yamaha na Japan ne ya sake haɗa su a idon talaka da ya fito da DT-1 mai injin cc 250 a 1968. Honda ya biyo baya da XL250 a 1972, sannan Yamaha ya sake fitowa da XT500 a 1976.

Abin da ya ɗaga sunan waɗannan babura shi ne tseren Paris zuwa Dakar wanda Bafaranshe Thierry Sabine ya kafa. Na farko ya tashi daga Paris ranar 26 ga Disamba 1978, ya ratsa Aljeriya, Nijar da Mali, ya ƙare a Senegal a Janairun 1979, kuma Cyril Neveu ne ya yi nasara a kan XT500. A 1980 kamfanin BMW na Jamus ya fito da R80 G/S; haruffan nan biyu na nufin daji da titi a Jamusanci. Hubert Auriol ya ci tseren Dakar a kan BMW a 1981 da 1983. Daga nan kamfanoni suka riƙa raɗa wa baburansu sunayen hamada da nahiyar: Yamaha Ténéré ya samo suna daga hamadar Tenere ta Nijar, Honda kuma ya fito da Africa Twin a 1988. Kawasaki KLR650, wanda ya fito a 1987, ya zama abin hawan masu doguwar tafiya da ƙaramin guzuri. Shi kansa tseren ya bar Afirka, ya koma Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya a 2020.

Ƙirar babur

Ana gane shi daga nesa da tsayinsa. Tayar gaba yawanci inci 21 ce, ta baya 18 ko 17, domin babbar taya tana haye dutse da rami cikin sauƙi. Wilin na wayoyi ne, wanda ke lanƙwasa ya jure duka a inda na zubi zai tsage. Cikin babur ya yi nesa da ƙasa, akwai farantin ƙarfe da ke kare ƙasan injin, salansa kuma an ɗaga ta sama saboda ruwa. Tayoyin suna da haƙora. Mai manyan haƙora tana kama taɓo amma kwalta na cinye ta da wuri, mai ƙananan haƙora tana daɗewa amma tana santsi a laka.

Babbar muhawara a tsakanin mahaya ita ce ta nauyi. Manyan babura masu injin da ya haura cc 1,000 sukan wuce kilo 250 tun ba a ɗora kaya ba. Ƙananan kuwa, irin Honda CRF250L da aka fara ƙerawa a Tailan a 2012 da magajinsa CRF300L, suna wajen kilo 140. A kan kwalta babba ya fi daɗi, babu gardama. Amma a taɓon damina babur zai faɗi, sau da yawa ma a yini ɗaya, kuma mai shi ne zai ɗaga shi cikin zafi da gumi. Wanda ya ɗaga kilo 250 sau biyar kafin rana ta take ba shi da sauran ƙarfin tuƙi. Ƙaramin babur yana shiga kwalekwale, mutum biyu na iya ciccibarsa su tsallakar da shi kan itacen da ya faɗi, kuma bakaniken ƙauye ya saba da irin injinsa. Saboda haka a yankin zafi hujja ta fi ƙarfi a wajen ƙarami.

Ƙasa da damina

Jar ƙasar da ake kira marmara ita ce shimfiɗar yawancin hanyoyin burji a Afirka, Indiya, Kudu maso Gabashin Asiya da Brazil. Ruwa da zafi na dubban shekaru ne suka wanke ta, suka bar sinadarin ƙarfe da ke ba ta launi. Likitan Scotland Francis Buchanan ne ya raɗa mata sunanta na kimiyya, laterite, a 1807 a kudancin Indiya, daga kalmar Latin mai nufin tubali, don ya ga ana yanka ta ana gini. Da rani tana da ƙarfi kamar siminti, sai dai ƙurarta mai laushi ce ƙwarai, tana toshe matatar iska, tana haɗuwa da mai ta ci sarƙa. Motoci kuma suna yi mata gargada, ƙananan tudu jere da juna da ke kwance kusoshi ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa mahayi mai lura yake zagaya babur da sifana kowace safiya.

Yayyafin farko shi ya fi haɗari. Saman ƙasa ya jiƙe, ƙarƙashi yana nan da tauri, sai hanya ta zama kamar an shafa mata sabulu. Babur zai kwanta ba tare da wata alama ba, ko da ana tafiya a hankali. Baƙar laka kuma nata sharrin daban: tana mannewa a taya, tana taruwa tsakanin taya da madigadi har wilin gaba ya daina juyawa. Mahayi zai sauka ya nemi kara ya saƙace ta, ya yi tafiyar mita ɗari biyu, ya sake sauka. Wannan ne dalilin da ya sa ake ɗaga madigadin gaba sama a baburan daji. Sau da yawa dabarar da ta fi ita ce a zauna a jira; rana ta awa biyu ko uku tana mayar da hanyar da ta gagara ta zama mai biyuwa.

A yashi ka'idar ta juye. Ana rage wa taya iska don ta baje, mahayi ya tura nauyinsa baya, ya riƙe totur ba tare da saki ba, domin da zarar ya sassauta tayar gaba za ta nutse. Idan aka fito kan duwatsu ba a mayar da iskar ba, bakin wili zai tsunkule tiyub. Don haka famfo, kayan faci da ƙarafan cire taya ba sa rabuwa da jaka. A duk inda hanya ta lalace, mahayi yana miƙewa tsaye a kan matakan ƙafa, gwiwa a ɗan lanƙwashe, idonsa a nesa inda yake son zuwa. Wanda ya kafa wa rami ido, cikin ramin zai faɗa.

Lokacin damina ya bambanta. A Tailan, Laos da Kambodiya ruwa na zuba daga wajen Mayu zuwa Oktoba. A arewacin Ostireliya da kudancin dajin Amazon kuwa daga wajen Nuwamba ko Disamba ne zuwa Afrilu ko Mayu. Duk shirin tafiya daga wannan lissafi yake farawa.

Tsallake ruwa

Babu inda ake asarar injin kamar a rafi. Ka'idar farko ita ce a kashe babur a bakin ruwa, a shiga da ƙafa da sanda a hannu, a ji zurfin, a ji ƙasan ko yashi ne ko duwatsu masu gansakuka, a ga inda za a fita a ɗaya gaɓar. Iyakar zurfin da babur zai ɗauka ita ce ƙofar da injin ke shaƙar iska, yawanci a ƙarƙashin wurin zama. Ruwa mai gudu da ya kai gwiwa ya isa ya kwashe babur da mai shi. Ruwan da ya yi ja yana ɗauke da ganye da rassa kuwa alama ce an yi ruwa a sama kuma yana kan ƙaruwa, ko da a nan babu ko gajimare.

Idan babur ya faɗi a ruwa, hannu ya fara kai wa makashin injin. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska. In ya shiga inda fistin ke aiki aka kuma tayar da injin, sandar fistin za ta lanƙwashe, tafiya ta ƙare ke nan. Abin yi shi ne a jawo babur waje, a cire fulogi, a fitar da matatar iska a matse ta, a ɗaga gaban babur sama ruwan salansa ya zube, sannan a juya injin ba fulogi har ruwa ya daina fesowa ta ramin. Bayan ya tashi a duba baƙin mai. In ya koma launin madara, ruwa ya gauraya da shi, sai an canza shi, wani lokaci sau biyu ko uku. Birki ma yana buƙatar a ɗan tattaka shi bayan an fito, don jiƙaƙƙen birki ba ya kamawa nan take.

Zafi da lafiyar mahayi

Mahayi yana tsakanin abu biyu: kayan kariya suna riƙe zafi, rashinsu kuma yana barin fata da ƙashi a fili. An samu sauƙi da riguna masu raga waɗanda iska ke ratsawa, da sulken gwiwa da kafaɗa. Hular kwano da takalmi mai tsawo ba abin sasantawa ba ne, domin ƙafa da idon sawu su ne babur ke dannewa idan ya kwanta. A inda iska ke da laima gumi ba ya bushewa, jiki ba ya hucewa, kuma a turbar daji gudun bai kai ya kawo iska ba. Ciwon kai, jiri da fitsari mai duhu su ne gargaɗin farko. In zafin jiki ya haura digiri 40 mutum ya fara ruɗewa, rai na cikin haɗari, sai a kai shi inuwa a jiƙa shi da ruwa a nemi asibiti. Yawancin mahaya na goya jakar ruwa mai bututu don su riƙa kurɓa suna tafiya, su kuma riƙe garin gishiri da sukari na mayar da ruwan jiki.

Sauro na kawo zazzaɓin cizon sauro da na dengue, ruwan ambaliya kuma na ɗauke da cutar da ake samu daga fitsarin ɓera, wadda ke shiga ta ƙaramin rauni. Ƙujewar da ba a kula ba tana ruɓewa da sauri a laima. Wani abin da baƙo ke mantawa shi ne rana: kusa da layin da ya raba duniya biyu yini awa 12 ne kusan duk shekara, kuma duhu na rufawa jim kaɗan bayan faɗuwarta. Tuƙin dare tsakanin dabbobi da motoci marasa fitila shi ne abin da gogaggu suka fi gudu.

Sanannun hanyoyi

A arewacin Tailan akwai zagayen Mae Hong Son mai kimanin kilomita 600, wanda ya shahara da lanƙwasar hanya 1,864, da turbobin tsaunuka da ke ɓallewa daga gare shi. A Laos mahaya na bin ragowar hanyar Ho Chi Minh ta zamanin yaƙin Vietnam. An jefa wa ƙasar sama da tan miliyan 2 na bama-bamai tsakanin 1964 da 1973, kuma da yawa suna nan a ƙasa ba su fashe ba, don haka ba a kauce wa sawun da mutane ke bi ko da taku ɗaya. A Brazil akwai BR-319 mai kimanin kilomita 885 tsakanin Manaus da Porto Velho, wadda tsakiyarta ke zama kogin taɓo da damina, da kuma babbar hanyar Transamazônica da aka buɗe a 1972. A Bolibiya tsohuwar hanyar Yungas tana gangarowa daga tsaunuka masu sanyi kusa da La Paz zuwa daji mai ɗumi a Coroico cikin yini guda. A Ostireliya ana bin tsohuwar turbar wayar tangaraho zuwa Cape York, da rani kawai. Tsakanin Panama da Kolombiya kuwa titi ya yanke a dajin Darién, sai a loda babur a jirgin ruwa ko na sama.

Takardu da mutanen hanya

Mai tsallaka iyaka yana buƙatar fasfo, takardun mallakar babur, inshora da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa, wanda ya samo asali daga yarjejeniyoyin 1949 da 1968. Wasu ƙasashe na neman takardar kwastan da ake kira Carnet de Passages, wadda ke tabbatar da cewa babur zai fita ba za a sayar da shi a ciki ba. Wasu kuma na neman katin rigakafin shawara, wanda tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rai. Hannun tuƙi ma na sauyawa: Tailan, Indonesiya da Kenya hagu suke bi, Laos, Vietnam da Brazil dama.

Turbar da baƙo ya zo yi wa yawo ita ce hanyar gona, makaranta da asibiti ga mutanen wurin, kuma suna bin ta kullum a kan ƙananan babura masu cc 100 ko 125, da kaya da goyo. Su suka san wace gada ce ta karye da kuma inda rafi ya fi sauƙin tsallakawa, labarin da taswirar waya ba ta da shi. Taya mai haƙora idan aka murza ta a jiƙaƙƙiyar ƙasa tana barin kwari, ruwa ya bi kwarin ya zaizaye shi, kuma mazauna ƙauyen ne za su cike shi da fartanya bayan baƙo ya wuce. Shi ya sa mahayan da suka san ya kamata suke rage gudu tun kafin su kai gidan farko saboda ƙura da yara, suke kashe injin idan sun haɗu da shanu ko dabbar dako a ƙunƙuntar turba, suke kuma tambayar izini kafin su ratsa gona ko su kafa tanti.