Sauyin koci a ƙwallon ƙafar Amurka: Sean McVay da Los Angeles Rams

A NFL, babbar gasar ƙwallon ƙafar Amurka mai ƙungiyoyi 32, an yi wa kowace ƙungiya iyakar kuɗin da za ta biya 'yan wasa a shekara, kuma ƙungiyar da ta fi shan kashi ita ce ke fara zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'o'i. Albashin koci da mataimakansa ba ya cikin wannan iyaka. Saboda haka ɗaukar babban koci na daga cikin 'yan hanyoyin da mai ƙungiya zai iya bi ya yi wa takwarorinsa zarra. Abin da ya faru da Los Angeles Rams a 2017 shi ne misalin da aka fi kawowa.

A kakar 2016, wadda a cikinta ƙungiyar ta dawo Los Angeles daga St. Louis, ta ci wasa 4 ta sha kashi a 12. Maki 224 ta samu gaba ɗaya, mafi ƙaranci a gasar. An sallami koci Jeff Fisher a watan Disamba. A Janairun 2017 aka ɗauki Sean McVay, mai tsara hari a ƙungiyar Washington, yana da shekara 30, wanda ya fi kowane babban koci ƙarancin shekaru a tarihin NFL na zamani.

Aikinsa na farko shi ne haɗa mataimaka. Da yake gwanintarsa a hari take, sai ya ɗauko Wade Phillips, dattijon da ya kusa shekara 70, ya bar masa tsaro kacokan. Shi da manajan ƙungiyar Les Snead suka toshe ɓarakar da ta fi cutar da su: suka kawo Andrew Whitworth daga Cincinnati ya tsare gefen hagu na layin gaba, wato jerin masu kare mai jefa ƙwallo, da mai cafkewa Robert Woods daga Buffalo, sannan suka zaɓi wani mai cafkewar, Cooper Kupp, a zagaye na uku na zaɓen sababbin 'yan wasa.

Babban sauyin ya zo ne a tsarin wasa. McVay ya dogara da jeri guda: mai gudu da ƙwallo ɗaya, masu cafkewa uku, da wani ɗaya mai haɗa tarewa da cafkewa. Daga wannan jerin ake yin gudu, daga shi ake yin jifa, kuma farkon motsin duk iri ɗaya ne, ta yadda masu tsaro ba sa gane abin da ke tafe sai an wuce su. Kwatabak, wato jagoran hari mai jefa ƙwallo, yakan yi kamar ya miƙa wa mai gudu, masu tsaro su taso gaba, sai ya jefa ta bayansu. Akwai kuma dabarar rediyo. Koci na magana da kwatabak ta na'urar da ke cikin hular kwano, amma ana yanke layin idan saura daƙiƙa 15 a agogon daƙiƙa 40 da ake ba masu hari su fara motsi na gaba. McVay yakan sa 'yan wasansa su yi jeri da wuri, ya duba tsayuwar abokan hamayya, ya faɗa wa kwatabak ɗinsa Jared Goff abin yi kafin a yanke.

Goff ɗin da ya sha kashi a duk wasanni 7 da ya fara a 2016, da jifa 5 kacal da suka kai gidan maki, ya yi irin su 28 a 2017. Mai gudu da ƙwallo Todd Gurley ya tashi daga yadi 885 na gudu zuwa 1,305. Ƙungiyar ta samu maki 478, mafi yawa a gasar, ta ci wasa 11, ta lashe rukunin NFC West. An zaɓi McVay gwarzon koci na shekarar.

Tsarin yana da rauni, kuma an gano shi. A Super Bowl, wasan ƙarshe na lashe kofin gasar, na Fabrairun 2019, New England Patriots ta koci Bill Belichick ta riƙa nuna tsayuwa ɗaya, ta sauya bayan an yanke rediyo, ta kuma cika layin gaba da masu tsaro don hana gudun gefe. Rams ta tashi da maki 3, Patriots 13. A 2021 aka ba ƙungiyar Detroit Goff da damar zaɓen sababbin 'yan wasa biyu a zagayen farko, aka karɓo kwatabak Matthew Stafford, kuma da shi Rams ta doke Cincinnati Bengals 23 da 20 a Super Bowl na Fabrairun 2022. Kakar da ta biyo baya, raunuka suka yi wa layin gaba illa, ta ci wasa 5 kawai. Wata asarar da nasara ke jawowa ita ce ta mataimaka: Matt LaFleur, Zac Taylor, Brandon Staley da Kevin O'Connell duk sun yi aiki ƙarƙashinsa kafin su zama manyan kociyoyi a wasu ƙungiyoyin.

Ba kowane sauyi ke yin sauri haka ba. Bill Walsh ya ci wasa 2 kacal a kakarsa ta farko da San Francisco 49ers a 1979, ya ɗauki kofi a kakar 1981. Wani kuma ba ya ɗorewa sam: Urban Meyer, da ya yi suna a ƙwallon jami'o'i, Jacksonville ta sallame shi a 2021 bayan wasa 13, ya ci 2 a ciki.