Jan kitso ba ya sa gashi tsawo

'Yan uwa mata, maganar nan da muka taso muna ji tun a gaban kakanninmu, wai in kitso bai ja ba gashi ba zai yi tsawo ba, wallahi ba gaskiya ba ce. Gashi daga cikin fatar kai yake tsirowa, kusan santimita 1 a wata, ko an ja ko ba a ja ba haka zai fito. Abin da ke ruɗa mu, namu gashin a murɗe yake, da ya sha ruwa sai ya kanannaɗe ya koma kamar bai ƙaru ba, in aka kitse ya miƙe sai a ce ai kitson ne.

Jan kuwa illa yake yi, shi ke cinye gaban goshi, ki ga yarinya 'yar firamare har da ƙuraje a bakin kitso tana kuka ana cewa daure, kuma in aka yi shekaru a haka saiwar na iya mutuwa, gashin wurin ba zai dawo ba. Abin na min ciwo sosai.

Matsalar gashinmu karyewa ce, don maiƙon kai ba ya saurin gangarowa ta murɗin zuwa baki, ga hunturun Zariya da busar da komai. Ki ɗan jiƙa shi kafin ki taje, da mataji mai manyan haƙora, daga baki zuwa gindi, ki bi da man kaɗanya, ana samu a kasuwar Sabon Gari. In makitsiya ta ja har kika ji kanki na sarawa, ki ce Hajiya don Allah a sassauta, in ta ƙi a tsefe.