Zargin maita a wasan kwaikwayo

Zargin maita jigo ne da marubuta wasan kwaikwayo suka daɗe suna amfani da shi wajen tona halin ɗan Adam. A irin waɗannan wasanni ba a cika damuwa da ko mayun na gaske ba ne. Ido yana kan mai nuna yatsa, da abin da zai samu, ko abin da yake ɓoyewa.

Wasan da ya fi shahara a wannan fanni shi ne The Crucible, wanda Ba'amurke Arthur Miller ya fitar a 1953. Ya gina shi kan shari'ar maita ta garin Salem na Amurka a 1692, inda aka zargi mutum sama da 200, aka rataye 19, aka danne wani tsoho da duwatsu har ya cika. Cikin wasan kowa da tasa manufar. Budurwa Abigail so take ta kawar da matar wani manomi John Proctor ta shiga ɗakinta. Attajiri Putnam gonakin maƙwabta yake hange, domin in an rataye mai gona sai ya saye. Limamin cocin garin kujerarsa yake karewa. Alƙalai kuwa, tunda sun riga sun rataye wasu, ja da baya na nufin amsa cewa sun zubar da jinin banza, sai suka ci gaba. Wannan dalili na ƙarshe ya fi sauran ban tsoro, don babu ƙiyayya a cikinsa, girman kai ne kawai. Tsarin kotun ma ya hura wutar: wanda ya amsa laifi ya ambaci wasu sai ya tsira, wanda ya musa a rataye shi. Miller ya ɗan sauya tarihi (Abigail ta ainihi shekarunta 11, ya mai da su 17), kuma ainihin abin da yake suka da wasan shi ne farautar waɗanda ake zargi da gurguzu a Amurka, zamanin Sanata McCarthy. A 1956 shi kansa wani kwamitin majalisar Amurka ya kira shi kan zargin gurguzu, ya ƙi ba da sunan kowa.

Ga mai kallo a Kano, waɗannan dalilai ba baƙi ba ne. A al'adar Hausawa ana cewa maye yana kama kurwa, shi ya sa ake tsare kai da "kurwata kur, ci kanki." Idan zazzaɓi ya yi wa yaro zafi ya ambaci suna cikin sambatu, akan taso wadda aka ambata a tilasta mata tsallake shi. Yawanci tsohuwa ce marar gata, ko kishiya, ko baƙuwa a unguwa. Wasannin rediyo da talabijin da finafinan Kannywood sukan ɗora zargin a kan kishi, rabon gado da rikicin uwar miji da suruka, sau da yawa da boka a tsakiya yana karɓar kuɗi. Bambancin shi ne wasu finafinan suna nuna maitar a matsayin gaskiya, sai tausayin mai kallo ya koma kan masu jifa.

Dokar hukunta laifuka ta Penal Code da ake aiki da ita a Arewa ta haramta jifan mutum da maita. A Fabrairun 2025 Babbar Kotun Jihar Kano ta yanke wa mutum biyar hukuncin rataya kan kashe wata dattijuwa da suka zarga da maita a ƙaramar hukumar Wudil a 2023.