Ƙyalli ba shi ne tsabtar kwanson harsashi ba

An daɗe ana ɗauka cewa sai kwanson harsashi ya yi ƙyal-ƙyal kafin a sake ɗura masa albarushi. Ba haka ba ne. Kwanson da ya dushe yana harbi daidai da mai sheƙi. Abin da ake gudu shi ne yashi da ƙasa, domin su ke karce cikin ƙarfen matse kwanso, wanda ke mayar da kwanson girmansa na asali, daga nan duk kwanson da ya shiga sai ya fito da zane.

Neman ƙyallin ma yakan jawo ɓarna. Tagullar kwanso kashi 70 jan ƙarfe ce, 30 tutiya, kuma man goge tagulla mai amoniya yana sa ta tsagewa, musamman a wuyan kwanso, inda kan harsashi ke zama. Sojojin Birtaniya sun ga haka a Indiya, a harsasan da aka ajiye a bargar dawakai da damina, inda fitsarin dawakai ke fitar da amoniya. Ruwan tsami kuwa, in ya yi yawa ko aka daɗe ana jiƙo, yana cinye tutiyar, kwanso ya koma ja-ja.

Ruwan ɗumi da ɗan sabulu sun wadatar. A ɗauraye, a shanya har ramin da ke gindin kwanso ya bushe ƙarau, don laima tana kashe albarushi. A leƙa ƙaramar kafar da ke cikin ramin, wadda wuta ke bi ta kai ga albarushi, kada wani abu ya toshe ta.